Ƙullin Ciyawa a Tsaunin Haɗiyau

In ka tambayi mutanen Tungar Kanwa wane ne Korau, amsar da za ka samu ta danganta da wanda ka tambaya. Masu dakon goro da ke ƙetare tsauni za su ce tun da suke bin bayansa ko takalmi bai taɓa salwantar musu ba. Matan Fulani masu tallar nono za su ce mutum ne da ba ya dariya, amma in hazo ya rufe ka a kan Haɗiyau, shi kaɗai ne zai hau nemanka. Baƙin birni da kan zo da jakunkuna a baya don kawai su hau su ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsu, su kuma cewa suke ba su taɓa ganin jagora mai tsadar magana irinsa ba. Mai shayin bakin kasuwa kuwa sai ya waiga tukuna, ya rage murya, ya ce, "Wannan? Ka ci da shi, ka sha da shi, amma kar ka bari ya ƙulla maka."

Tunau maharbi ba ya rage murya. Magana ɗaya yake yi: "Shi ya kashe yayana."

Yayan nan sunansa Mati, maharbi ne daga dazukan Zamfara. Fataucin fata ya kawo shi ƙasar tudu, sanyi bai kore shi ba, ya zauna. Shi da Korau ƙwarya ɗaya suke ci. Wata damina suka hau Haɗiyau bin sawun gwanki, da yamma Korau ya sauko shi kaɗai, laka har wuya, da hular Mati a hannu. Aka kai shi gaban Jauro, mai garin, aka tambaye shi. Bai ja zance ba. Ya ce, "Ni na wuce gaba. Na ƙulla masa ciyawa a wurin, da hannuna. Ya zo ya taka."

Mutanen Tunga 'yan kasuwa ne, ba su san daji ba. Da suka ji ƙulli sai hankalinsu ya tafi ga sammu. Jauro ya ce babu shaida, aka watse, aka ci gaba da raɗe-raɗi. Amma da maganar ta kai Zamfara, Tunau ya ji ta da kunnen maharbi. A dajinsu, in na gaba ya ƙulla kan ciyawa, cewa yake wa na baya: nan hanya take, biyo. Mati ne ma ya koya masa haka tun bai kai ɗaukar baka ba. To mutum ya ƙulla wa amininsa ciyawa a bakin ramin laka, ya kuma faɗa da bakinsa, me ya rage?

Da Tunau ya kawo ƙarfi ya tattaro kayansa ya zo Tunga. Ranar kasuwa ya tare Korau a rumfar gishiri, ya kira shi makashi a gaban jama'a, ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Korau ya dubi yawun, ya dubi fuskar yaron da ke kama da ta Mati, ya ɗauki gishirinsa ya tafi. Shekaru suka shuɗe ko sannu ba ta haɗa su ba.

Ɓauna ce ta haɗa su. Wata tsohuwa ce da garke ya kora, ta addabi gonakin masara. Tunau ya yi mata kwanto ya harbe ta, amma dalmar ta sauka a kafaɗa, ba ta kai zuciya ba. Washegari ta tarar da wani makiyayi mai suna Njobdi a bakin rafi, ta farke masa ciki, ta haye Haɗiyau. Hanyar matan nono kuwa ta gefen tsaunin take bi. Jauro ya ce wanda ya raunata ta shi zai ƙarasa ta, haka dokar maharba take, amma ba mai hawa Haɗiyau da damina ba tare da Korau ba. Tunau ya ce ya gwammace ya hau shi kaɗai. Jauro ya ce gawa ɗaya ta ishi gari.

Tun zakara bai yi cara ba Tunau ya fito. Ya ɗaura warki, ya rataya adda, ya cusa wa bindigarsa ta toka albarushi da dalma, ya danna da sandar ƙarfe har ta daina shiga, ya naɗe kunamar bindigar da guntun fata saboda raɓa. Yana yi yana faɗa wa kansa cewa cushin nan ɗaya ne, kuma bai yanke wa za a bai wa ba, ɓaunar ko jagoran. In tsohon ya gwada masa abin da ya yi wa Mati, to ba zai nutse shi kaɗai ba.

Ya tarar da Korau a bayan gari, tsaye cikin duhu kamar kututture. Ba bindiga a hannunsa, sai mashi mai faɗin baki, da barandami a kafaɗa, da doguwar gora wadda ta ninka tsawonsa. Ba wanda ya gaida wani. Suka ratsa gonakin masara, ganye mai sanyi yana marin fuskokinsu, suka wuce itatuwan turare, suka yi sallar asuba a bakin rafin da Njobdi ya mutu, kowa a gefe guda, ba jam'i.

Gari na wayewa suka iso gindin tsauni. Akwai wani falalen dutse a nan inda Korau yakan tsayar da duk wanda zai hau, ya yi masa abin da masu dako ke kira karatun gindin tsauni. Ya tsaya, ya dogara gorarsa, ya fara da muryar da ba ta hawa ba ta sauka.

"Haɗiyau ba dutse ba ne, soso ne. Inda ka ga jar ciyawa ta yi curi, taka kan curin. Inda ka ga kore shar a shimfiɗe kamar darduma, kar ka yarda da shi. Sanda ta riga ƙafa. In hazo ya sauko, zauna inda kake. In ƙasa ta kama ka, kar ka yi kokawa da ita, kwanta rigingine ka buɗe hannuwa. Sai kuma alamata..."

"Malam, ya isa," in ji Tunau. "Ka ajiye karatunka sai 'yan birni sun zo. Ni maharbi ne, ɗan maharbi."

Korau ya dube shi jim. "Na sani, ƙanin Mati."

"Kar ka ƙara kama sunansa."

Korau ya ɗauki gorarsa ya wuce gaba.

Sawun ɓaunar bai yi wuyar gani ba a farkon hawa. Kofaton hagu na gaba jan sa take yi, yana barin zane a taɓo kamar an ja garma. Nan da can akwai ɗigon jini a kan ganyen agugu, tsiron tudun nan mai kama da gashin tsuntsu, ya yi baƙi, ƙudaje sun kwana a kai. Da suka ƙara sama itatuwa suka ƙare ƙaf, sai ciyawa iyakar ganin ido, da iska mai shiga ƙashi. A nan ƙasa ta fara canza hali. Tunau ya ɗora ƙafa ya ji ta lotsa, ya ɗaga ya ji ta biyo shi da tsotso. Baƙin ruwa kamar shayi marar madara ya cika gurbin sawunsa, kafin ya waiga gurbin ya rufe, gansakuka ta koma yadda take, kamar ba a taɓa wucewa ba. In Korau ya taka can gaba, Tunau yakan ji motsin a tafin ƙafarsa, duk filin yana kaɗawa kamar tumbin saniya.

Korau bai taɓa waiwayowa ba. Gora ta soka, ƙafa ta bi, gora ta soka, ƙafa ta bi. Wani wuri gorar takan tsaya da ƙarfi, wani wuri takan shige sulɓ har rabi, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso da kumfa. Tunau yana biye daga curi zuwa curi, bakin bindigarsa daidai tsakiyar bayan tsohon. Ya lura da rigar ta sha faci, ya lura da yadda ƙashin kafaɗar ke motsi a ƙarƙashinta. Ya sha mamakin mutumin da ya san ana auna shi amma ko wuyansa bai ƙage ba.

Suka wuce wani tafki ƙarami, shiru, ba kwaɗo ba kifi. Ƙahonnin saniya biyu suna leƙowa daga tsakiyarsa, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Matsattsaku suka hau ƙafafun Tunau, ya riƙa kankare su da bakin adda, jini na bin dugadugansa. Wani zalɓe ya tashi ba kuka, ya ɓace cikin fari.

Farin nan hazo ne. Ya gangaro daga ƙwanƙolin tsauni ba sallama, ya haɗiye rana, ya haɗiye nesa, har ya zamana Tunau ba ya ganin komai sai bayan Korau da 'yan curin da ke tsakaninsu. Gashin hannunsa ya jiƙe. Ruwa ya fara ɗiga daga bakin bindiga.

Korau ya tsaya a kan wani tudun dutse, ya durƙusa. Kashin ɓauna ne, tsibi guda. Ya sa babban yatsan ƙafarsa ciki.

"Da ɗumi," ya ce ƙasa-ƙasa. Ya nuna gaba da haɓa. "Maƙogwaro ke nan."

Tunau ya san sunan. Nan ne aka ce Mati yake. Ya duba bai ga komai ba sai fili mai kyau, kore shar, da curin jar ciyawa a warwatse, hazo na yawo a kai.

"Akwai sarƙaƙiyar agugu a ƙetare, can takan kwanta," in ji Korau. "Ruwan bana ya canza wurin. Zauna a kan dutsen nan. Zan je in duba, in ƙulla. In ka ji na yi kukan gauraka, ka taho a hankali."

Kafin Tunau ya buɗe baki hazo ya rufe tsohon. Sai ƙarar gora, tsul, tsul, tana raguwa, har ta ɗauke.

In ƙulla. Kalmar ta yi ta kewaya a kan Tunau. Ya zauna da bindiga a cinya, yana kallon inda tsohon ya shige. Da iska ta ɗan yaye hazon sai ya gani: can gaba kaɗan, ta hannun dama, an murɗe kan wata doguwar ciyawa an ƙulla, sabon ƙulli, bakinsa na lilo. Bayansa akwai wani. Irin ƙullin da Mati ya koya masa sak, madauki ɗaya, jela a ƙasa. Ya ce a ransa, ga shi nan, da wannan ya kira yayana. Ya rantse ko kukan gauraka ɗari zai ji ba zai motsa daga dutsen ba sai tsohon ya dawo ya shige gaba, bindiga a bayansa.

Bai ji gauraka ba. Carki ya ji, tsuntsun nan mai bin bayan ɓauna yana cin kaska. Kuma ba daga ƙetare kukan ya fito ba, daga bayansa ne.

Kowane maharbi ya san ɓauna mai rauni takan kewayo ta tsaya a gefen sawunta, ta jira mai binta ya wuce. Ya juya a hankali. Da farko numfashi ya ji, mai nauyi, da gurnani a ciki. Sai warin miki. Sannan hazo ya yi baƙi a wuri ɗaya, baƙin ya yi ƙahonni, ya yi hanci mai dalala, ya yi ido ɗaya ja da ke kallonsa. Kafaɗarta ta kumbura, tsutsa na motsi a bakin raunin.

Ya fizge fatar daga kunama, ya ɗaga, ya auna ƙasan wuya, ya ja. Kunama ta faɗa, ƙyat. Ba wuta. Hazo ya riga shi shiga albarushin.

Ta sunkuyar da kai ta taho.

Abin da ya faru daga nan ba shawarar Tunau ba ce, shawarar ƙafarsa ce. Ƙafar da ta yi shekaru tana bin ƙulli a dazukan Zamfara ba ta tsaya tambayar rantsuwar da ya yi ba. Ya dira daga dutse ya nufi ƙullin a guje, ya wuce shi da taku ɗaya, koren nan ya buɗe ba ƙara. Sanyi ya kama shi har cinya. Ya yi wutsil-wutsil ya koma har ƙugu. Bindiga ta suɓuce, ta tsaya a tsaye na ɗan lokaci, sannan ta shige.

Ɓaunar ta ci birki a bakin dutse, taɓo ya fantsamo masa a fuska. Ta san wurin fiye da shi. Ta yi huci, ta kaɗa kai, ta juya hagu ta shige hazo tana neman inda za ta zagayo.

Laka ta riƙe shi kamar hannuwa da yawa. Ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai sanyi mai ja. Ya ce a ransa, shi ke nan, ya yi mini. Ya buɗe baki ya ƙwalla ihu, ba neman taimako ba, zagi ne: "Korau! Makashi! Allah ya isa!"

Sai ga tsul, tsul, tsul da sauri, ba a natse ba kamar ɗazu. Tsohon ya ɓullo ta hagu yana tsalle daga curi zuwa curi, ya zube rub da ciki a kan na ƙarshe, ya miƙo gorar a kwance. Tunau bai taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kai mahaukaci ne? Ba ka ga ƙulli ba? Wane ne yake taka ƙulli!"

"Ƙullin na bi!" Laka ta kai masa haƙarƙari. "Ƙulli ai hanya ne! Ka kira ni kamar yadda ka kira shi!"

Gorar ta tsaya a iska. Korau ya ɗago kai, taɓo na zuba daga gemunsa.

"Hanya? A ina?"

"Ko'ina! Duk dajin Allah!"

"A nan kabari ne," in ji Korau, muryarsa ta koma ƙasa. "Maharban tudu suka koya mini. In ka ga ƙulli, ka kauce. Ƙulli kabari ne."

Suka dubi juna ta kan gorar. Tunau ya ga fuskar tsohon tana rushewa a hankali, kamar katangar da ruwa ya ci gindinta. Ya ga bakinsa yana motsi ba sauti, ya karanta sunan da ke kai. Shi ma a lokacin ya ga Mati, ba a mafarki ba, a cikin kansa: yana tahowa cikin irin wannan hazon, ya hango ƙullin amininsa, ya yi murmushi, ya nufe shi kai tsaye da yarda.

Carki ya yi kuka ta bayan Korau.

"Kwanta," in ji Korau da sauri. "Rigingine. Buɗe hannuwa. Sa gorar a ƙarƙashin bayanka, a gicciye. Kar ka ja ƙafa da ƙarfi, lallaɓa ta." Ya tura masa gorar gaba ɗaya ya sake ta, ita ce kuwa idonsa a wurin nan. Ya miƙe da mashi.

Tunau ya kwanta. Duk jikinsa ya ƙi, don kwanciya a kan abin da ke haɗiye ka kamar miƙa wuya ne, amma ya kwanta. Ruwan sanyi ya shiga kunnuwansa. Daga nan kwance ya ga abin da ya biyo baya a karkace, rabi hazo rabi sama.

Korau bai gudu ba. Ya matsa gefe ya tsaya a kan wani ƙaramin curi, ya sa wani ƙulli a tsakaninsa da inda kukan carki ke fitowa, ya buga mashi a barandami, ƙwal, ƙwal, yana kiranta. Ta fito. Da ƙafa uku take gudu amma ƙasa na girgiza har bayan Tunau. Fushi ya mantar da ita abin da ta sani. Ƙafafunta na gaba suka faɗa koren, ta dulmiya har ƙirji, amma nauyinta ya tunkuɗo ta gaba fiye da yadda tsohon ya auna. Ya soka mashin a gindin wuyanta da hannu biyu, ita kuma ta watsa kai sama. Ƙahon ya same shi a ƙasan haƙarƙari, ya ɗaga shi, ya yar da shi gefe kamar tsumma.

Sauran aikin Maƙogwaro ya yi. Ɓaunar ta yi ta kokawa, kowace kokawa na ƙara mata zurfi. Ta yi wani kuka mai tsawo da Tunau bai taɓa jin dabba ta yi ba. Baya ya shige, wuya ya shige, hanci ya yi kumfa. Kotar mashin ce ta ƙarshe, ta ɗan karkata, ta bi ta. Koren ya fara haɗuwa.

Tunau bai san tsawon lokacin da ya ɗauka yana lallaɓa ƙafafunsa ba. Ta dama ta fito ba takalmi. Ta hagu ta ƙi, ta ƙi, sannan ta fito da ƙara kamar an zare turmi daga taɓo. Ya mirgina a kan gorar, ya ja ciki, ya kama jar ciyawa da yatsu da haƙora, har ya ji abu mai tauri a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Ya tarar da Korau kwance a gefen curi, hannu biyu a ciki, jini na bi ta tsakanin yatsu. Ya yage rigar Korau ya ɗaure masa cikin tam. Tsohon bai yi nishi ba. Idonsa na kan koren da ya rufe.

"Goya ni," ya ce. "Ɗauki gorar. Ni zan duba, kai ka taka."

Haka suka sauko. Tsohon ba shi da nauyi, ƙashi ne da sanyi, haɓarsa a kafaɗar Tunau, bakinsa kusa da kunnensa. "Hagu. Soka tukuna. Curin can mai ja. Ga ƙulli nan, ba shi wuri." Duk ƙullin da suka wuce, Tunau yakan ji ƙafarsa na so ta nufe shi, yakan hana ta da ƙarfi. Ɗumin jini ya jiƙa masa baya, ya gangara cikin warki.

Wajen tafkin ƙahonni muryar ta canza.

"Ashe hannuna ne," in ji Korau. "Na yi ta tambayar kaina me ya sa ya taka. Na ce ko hazo ne, ko santsi. Masu dako nakan yi musu karatu. Shi kuwa maharbi ne, ya fi ni. Kunya na ji in koya masa daji." Numfashinsa na kurɓa. "Duk wanda zai hau bayana, ka fara faɗa masa ƙulli. Ko maharbi ne. Shi ma ya fi buƙata."

Tunau ya buɗe baki. Maganar na nan, ya san ta, gajeriya ce, amma ta ƙi fita. Ya tuna rumfar gishiri. Ya tuna yawun. Ya tuna bakin bindiga a tsakiyar bayan tsohon tun safe. Abin da ya iya fitarwa shi ne, "Riƙe ni da kyau." Daga nan jagorar ta ragu, ta koma matsa kafaɗa, dama ko hagu, sannan matsawar ma ta yi rauni.

Hazo ya sake su a saman falalen dutse, rana ta karkata. Jama'a na nan a gindin tsauni, Jauro da sandarsa, dangin Njobdi, matan nono da ƙoransu a ƙasa, masu dako, har da mai shayi. Da suka hango mutum ɗaya da kai biyu yana saukowa, baƙi ƙirin da laka, suka dare suka ba shi wuri. Tunau ya durƙusa a kan falalen, ya sauke tsohon a hankali, ya tallafe masa kai. Idon Korau a buɗe yake, ƙirjinsa na ɗagawa kaɗan-kaɗan.

"Ɓaunar fa?" in ji Jauro.

"Tana Maƙogwaro. Shi ya kai ta."

Wata tsohuwa ta kawo ruwa a ludayi. A bayan taro mai shayi ya karkata ga na kusa da shi, da ƙaramar muryar nan tasa da ke kai ko'ina: "Ka gani? Ya ƙulla wa wannan ma, abin ya koma kansa."

Tunau ya ji. Maganar da ta ƙi fita tun daga saman tsauni ta ɓalle.

"Ya ƙulla mini, gaskiya ne!" Muryarsa ta daki dutse ta dawo. "Ciyawa ya ƙulla, don in kauce wa rami. Haka ya ƙulla wa Mati. A garinmu ƙulli hanya ne, a nan kabari ne, ba wanda ya faɗa wa wani. Yau ya so ya faɗa mini a kan dutsen nan, na rufe masa baki. Na taka, ya ba ni sandarsa, ya tsaya wa ɓauna a madadina. Ku da kuka ji na kira shi makashi a kasuwa, ku matso ku ji wannan ma."

Ba wanda ya motsa. Tunau ya sunkuya, ya share lakar da ke goshin tsohon da tafin hannu, ya kira shi da sunan da bai ƙara kiran kowa da shi ba tun da aka kawo hular Mati Zamfara. Bai rage murya ba.

"Yaya Korau, na zalunce ka. Ka yafe mini."